Wa Ya Ba Su Izinin Ƙona Fuskar 'Ya'yanmu?

Duk mai riƙe da waya ya ci karo da tallar nan. Hoto biyu a jere. Na hagu an ɗauke shi a lungu, ba haske, fuska a murtuke, ƙuraje sun yi rututu. Na dama an ɗauke shi gaban fitila, an sha hoda, an sa filta, yarinya na murmushi har kunne. A ƙasa sai a rubuta cewa leza ce, zama uku kacal, ƙurajen fuska sun tafi ke nan har abada. Sai lambar waya, sai lambar asusun banki, sai gargaɗin cewa rangwamen zai ƙare ranar Juma'a. Abuja ne, Kano ne, Kaduna ne, duk kanwar ja ce. Gidajen da jiya-jiyan nan aikinsu dilka da halawa da lalle, yau sun sayo inji mai ƙyalƙyali sun girke a ɗakin baya, sun rataya farar riga a ƙusa, shi ke nan sun zama asibitin fata.

Abin ya ishe ni, kuma na san ku ma ya kai muku ko'ina.

Ƙaryar farko ita ce "har abada" ɗin nan. Ƙurjin fuska ai ba datti ba ne da za a goge sau ɗaya a huta. A ƙarƙashin fata akwai 'yan jakunkuna masu tsattsafo da maiƙo, kowace bakinta na buɗewa ta ramin gashi. Idan balaga ta zo, sinadaran jiki su zuga su, maiƙo ya yi yawa, matacciyar fata ta toshe bakin ramin, wata ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes, wadda dama can tana zaune a fatar kowa, ta samu wurin sheƙe ayarta, sai wurin ya kumbura ya tara mugunya. Muddin jiki na fitar da waɗannan sinadarai, jakunkunan nan ba za su daina aiki ba. A Amurka an ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 suna yin ƙurajen, ƙanana ko manya. To abin da ya kusa game kowane matashi, abin da tushensa ke cikin jini, shi ne wata za ta haska wa fitila sau uku ta ce ta kashe shi har abada? Haba jama'a!

Kada wani ya ce na ƙaryata magani da haske gaba ɗaya. Hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa. Tun 1903 aka ba wani likita ɗan ƙasar Denmak, Niels Finsen, kyautar Nobel saboda ya warkar da tarin fuka na fata da haske. Ita kuma ƙwayar cutar ƙurajen tana fitar da wani sinadari mai suna fofirin, wanda idan shuɗin haske mai tsawon zango kusan nanomita 415 ya same shi, sai ya rikiɗe ya zama guba ga ita ƙwayar. Jan haske kuma yana nutsawa ciki fiye da shuɗi, yana ɗan rage kumburi. Duk wannan gaskiya ne. Amma ƙwayar da aka rage yau tana sake yaɗuwa, toshewar ramin tana nan, maiƙon yana nan. Shi ya sa ake cewa ki dawo, ki sake dawowa, kowane zama da kuɗinsa.

Masana sun zauna sun tace wannan magana tuni. A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta ke nan tattara binciken likitanci tana auna ingancinsa, ta haɗa bincike 71 da aka yi a kan mutum 4,211 game da maganin ƙurajen fuska da haske. Abin da ta fito da shi: babu ƙwaƙƙwarar hujja mai inganci. Yawancin binciken ƙanana ne, na ɗan lokaci ne, kowa da ma'auninsa. A 2024 ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta fitar da sabbin ƙa'idojinta na maganin ƙuraje, da ta zo kan leza da na'urorin haske sai ta ce hujjar da ke hannu ba ta kai a ba da shawara a kansu ba. Ku duba fa, mutanen da suka ƙera injin, suke da kuɗin bincike, suke da likitocin fata a kowace unguwa, su sun ce tukuna. Mu kuma a nan wata mai shago da ta koyi danna maɓalli a bidiyo tana rantsuwa da Allah cewa ɗari bisa ɗari ne.

Da asarar kuɗi kawai ake yi, da na ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ke ƙona min rai shi ne fata. Fatarmu.

Yadda leza ke aiki, wasu likitoci biyu a Boston, Rox Anderson da John Parrish, suka shimfiɗa ƙa'idarsa a 1983: a zaɓi hasken da abu ɗaya a cikin fata zai shanye, ya yi zafi ya lalace, na kewaye da shi su tsira. To a cikin abubuwan da ke shan haske a fata, babu kamar melanin, sinadarin da ya ba mu launinmu. Kowa ya san yadda baƙar riga ke ɗaukar zafi a tsakar rana fiye da fara. Haka fatar baƙin mutum take yi da hasken injin nan: kafin ya isa inda aka aike shi, saman fata ya riga ya shanye shi ya ƙone. Kuma kada ku ɗauka an yi waɗannan injina da mu a rai tun farko. Ma'aunin da likitoci ke raba launin fata da shi, wanda Thomas Fitzpatrick ya fitar a 1975, da farar fata aka fara shi, sai daga baya aka ƙaro rukuni na biyar da na shida, inda yawancinmu muke. Wani injin da ake amfani da shi a irin shagunan nan, wanda ake kira IPL, ba ma leza ba ne na gaskiya. Walƙiya ce mai ƙarfi da ke watso haske iri-iri a lokaci guda, kuma likitocin fata sun daɗe da sanin cewa tana cikin mafi hatsari ga baƙar fata. Wanda ya fi sauƙin hatsari a kanmu shi ne Nd:YAG mai nanomita 1064, saboda melanin bai cika shan sa ba, shi ma sai a hannun wanda ya san ƙarfin da zai sa da yadda zai sanyaya fatar. Ku shiga shagon ku tambayi mai injin wane iri ne nata. Za ta ce muku "na waje ne". Amsar ke nan.

Kwanaki maƙwabciyata ta aiko in zo in ga 'yarta. An sa ranar biki, an raba kati, yarinya ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Da ta janye mayafi sai na ga tambari mai kusurwa huɗu a jere a kan kumatunta biyu, kowane daidai girman bakin injin, layi-layi, wasu sun yi bororo sun fashe, wasu sun bushe sun yi baƙi ƙirin. Ƙurajen da suka kai ta shagon masu injin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma suna nan inda suke. Ta ce da ni, "Mama, tun da ta fara na ce mata, Anti, yana min zafi fa. Ta ce in daure, zafin ne alamar yana aiki." Uwar ta koma shagon ranta a ɓace. Abin da aka gaya mata shi ne, "Hajiya, kwantar da hankalinki, dattin ne yake fitowa. A ƙara zama biyu zai washe." Aka kuma miƙo mata wani kwalin mai, ba suna ba takarda, aka ce ta biya. Ko sisi ba a mayar ba. Likitan fata da suka gani daga baya ya ce baƙin tabon zai ɗauki watanni kafin ya dusashe, inda kuma ya yi fari-fari ba lallai launin ya dawo ba. Garin neman gira an rasa ido. Yarinyar da ta je neman fuskar amarci, da hoda mai kauri aka rufe ƙuna aka kai ta ɗakin miji.

Wannan fa shi ne abin da ba a nunawa a Instagram. Fatarmu ba ta mantuwa. Ƙurji ɗaya in ka matse shi sai ya bar baƙin tabo na wata da watanni, balle ƙunar inji. Wasu kuma jikinsu na yin tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma, wanda ya fi yawa a baƙar fata, kuma in ya fito cire shi aiki ne ja. Likitan kirki kafin ya haska miki komai zai tambaye ki ko kina da irin wannan jikin. Zai tambayi magungunan da kike sha, don akwai masu sa fata ta kasa jure haske, doxycycline na cikinsu, kuma shi ne maganin da masu ƙuraje da yawa ke sha. Zai tambaya ko kina da ciki. Zai gwada a ɗan ƙaramin wuri a gefen muƙamuƙi, ya ce ki je ki dawo a ga yadda fatar ta karɓa. Zai rufe miki ido da tabarau na musamman. A shagon fa? Tambaya ɗaya ce: tiransifa ko kati?

Sai kuma munafuncin da ya fi komai ci min tuwo a ƙwarya. Ku ɗaga kai ku dubi kantar da ke bayan mai injin. Me aka jera? Man bilicin. Haɗi na musamman, na amare, na kwana bakwai, na "fitar da asalin kalarki". A cikin irin waɗannan mayuka ake zuba sitiroyid masu ƙarfi irin su clobetasol da betamethasone, magungunan da aka yi don cututtukan fata na ɗan lokaci a ƙarƙashin kulawar likita. Wanda ya daɗe yana shafa su, fatarsa na yin siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, sannan ƙuraje su feso a goshi da kumatu da ƙirji, iri ɗaya, girma ɗaya. Likitoci sun san su, ƙurajen sitiroyid ne. Wato hannun da ya sayar miki da man da ya jawo ƙurajen, shi ne zai karɓi kuɗinki ya ce zai ƙone su da leza, a kan fatar da man ya riga ya cinye. In ta ƙone ta yi baƙi, sai a sake sayar miki da wani man don ya goge baƙin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan hasken fata. Ko mutum ya ce adadin ya yi yawa ya raba shi biyu, abin da ya rage ma annoba ce. A 2023 hukumar NAFDAC da bakinta ta ce lamarin bilicin ya kai matsayin ta-ɓaci. To wannan ita ce fatar da ake kwantarwa a ƙarƙashin inji, ba mai tambayar me aka shafa mata jiya da daddare.

Waɗanda ba su da kuɗin zama a shago kuma an tanadar musu nasu tarkon: takunkumin roba mai fitilu ja da shuɗi, a sa a fuska a kwanta. Ana oda daga waje, ana sayarwa a TikTok, kowane kwali da tambarin hukumar FDA ta Amurka wanda duk mai injin buga takarda zai iya mannawa. A 2019 kamfanin Neutrogena, babban kamfani mai masana da lauyoyi, ya janye irin wannan takunkumi nasa daga kasuwa saboda fargabar illa ga idon masu wasu cututtukan ido da masu shan magungunan da ke sa ido ya kasa jure haske. In wannan ya ja da baya, wanda ba a san ko a wane gari aka haɗa shi ba fa? Kuma ga abin da masu tallar ba sa faɗa, ko don ba su sani ba ko don ba ruwansu: bincike ya nuna cewa shuɗin haske kansa yana ƙara wa fata mai duhu duhu, kuma duhun yana daɗewa bai tafi ba. Yarinyar da babban kukanta shi ne baƙin tabo, ita ce za ta kwanta kullum tana haska wa tabon abin da zai iya ƙara masa baƙi.

Akwai sabuwar leza da ta fito da hujja mai ɗan nauyi, adalci ne in faɗa. A 2022 hukumar FDA ta ba da izinin sayar da wata na'ura mai suna AviClear, mai nanomita 1726, wadda ke nufar jakunkunan maiƙon kai tsaye ta rage musu ƙarfi, kuma melanin bai cika shan haskenta ba. Amma a can Amurka ma zama ukun dubban daloli ne, a ofishin likita ake yi, kuma ko masu ita ba su ce kowa zai warke ba. Mu da mafi ƙarancin albashinmu naira 70,000 ne tun 2024, wa zai gaya min cewa irin wannan ce aka girke a bayan shagon kitso, ana yi da rangwamen Juma'a?

Abin takaicin, maganin da ke aiki yana nan, kuma ba shi da tsadar inji. Benzoyl peroxide yana kashe ƙwayar cutar, sai dai yana koɗar da launin tawul da rigar matashin kai, a kula. Adapalene yana buɗe ramukan da suka toshe, ana shafa ɗan kaɗan da daddare, mai ciki kuma ta nisance shi. Azelaic acid yana taimakawa a kan ƙurajen da baƙin tabon duka. Idan sun yi yawa likita ya kan ƙara ƙwayar sha ta 'yan watanni. Masu manyan ƙurajen nan masu zurfi da ke barin rami akwai isotretinoin, wanda tun 1982 ake amfani da shi, yana aiki ƙwarai, amma yana nakasa ɗan tayi mummunar nakasa, don haka duk mai kemis ɗin da ya miƙa wa budurwa ko matar aure shi ba takardar likita, ya ɗauki alhakin rai. Wani lokacin ma maganin a daina wani abu ne: man gashi mai kauri da basilin da ake lafta wa kai ya gangaro goshi yana toshe fata. Mace kuma da ƙurajenta suka haɗu da rikicewar al'ada da gashi a haɓa, matsalarta a ciki take, likitan mata za ta gani, ba hasken da zai kai can. Aibin waɗannan magunguna ɗaya ne a idon mai gaggawa: sai an yi mako takwas zuwa goma sha biyu kafin a ga canji sosai, da farko ma fuskar kan bushe ta yi saɓa. Babu hoton "kafin" da "bayan" a kwana uku. Shi ya sa ba mai yi musu talla.

Asibitocinmu ma ba zan wanke su ba. Akwai likitocin fata a asibitocin koyarwa, na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, da sauransu, amma ba su da yawa, layin kuma ya isa ya kashe wa mutum gwiwa. Matashi ya daure ya je ƙaramin asibiti, sai wani ma'aikaci ya kalle shi ya ce, "Wannan ne ya kawo ka? Mutane na fama da ciwon gaske. Je ka, in ka yi aure za su tafi." Ya fito da kunya. A waje kuma ga wata na jiran sa da murmushi da lemon kwalba da na'urar sanyaya ɗaki, tana ce masa ranka ya daɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu kanmu fa? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke tura yaran nan? Mu ne. Gwaggon da za ta kama haɓar yarinya a tsakiyar taron suna ta juya fuskarta ta ce, "Ke wai ba kya wanke fuska ne?" Dangin ango da za su zo ganin amarya su koma suna zunɗe. Abokan da suka laƙaba wa yaro suna saboda kumatunsa har sunan ya bi shi jami'a. Masu cewa gyaɗa ce, masu cewa sha'awa ce ta yi masa yawa, a yi dariya a watse, shi kuma ya koma ɗaki ya kulle ƙofa yana matsar fuska har jini. Na san yaran da suka daina zuwa Islamiyya, suka daina shiga hoto, suke sa takunkumi a tsakiyar zafin bazara ba don mura ba. Yarinyar da aka kai ta wannan hali, ko wuta aka nuna mata aka ce magani ce za ta miƙa fuska. Masu injin sun san haka sarai, da shi suke cin abinci.

Tambayar da nake so a amsa min ita ce wa ke sa ido. Likita sai hukumar MDCN ta yi masa rajista kafin ya taɓa mara lafiya. NAFDAC ce ke da alhakin na'urorin lafiya da kayan shafe-shafe da ke shigowa ƙasar nan. A Kano akwai hukumar PHIMA mai kula da asibitoci masu zaman kansu, muna jin labarin tana rufe na bogi, a Legas akwai HEFAMAA. To injin da ke iya ƙona fata ya lalata ido, don kawai an rubuta "gyaran jiki" a allon ƙofa, sai ya fita daga lissafin kowa? A shiga ɗakunan bayan nan. A nemi takardar injin, a nemi takardar mai riƙe da shi, a ɗebi mayukan da ke kanta a kai ɗakin gwaji. Wanda aka samu ya ƙona fuskar 'yar mutane ya biya kuɗin maganinta har ta warke, a kuma sa wa shagon kwaɗo a gaban maƙwabtansa, da rana tsaka.